Kofin da Na Kai wa Kawu Sale a Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban yi ɗinkin kirki ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago: "Nura, an ce ka ga teku?" Kafin in amsa wani ya shigo: "Wai da gaske ne ka ratsa ƙasa huɗu da kofin ƙarya?" Na ba da labarin nan a Anguwan Rogo har maƙogwarona ya bushe, kuma duk wanda ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru. Wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda, in ci gaba da aikina.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne. Yana saurayi shi ne golan 'Yan Kuza, kulob ɗin ƙwallon Dilimi da 'ya'yan masu haƙar kuza suka kafa. Shekarar da suka kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni, saura ƙiris a tashi, wani ya bugo wata lallausar ƙwallo da ko tsohuwa za ta tare da zani. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige raga. Gari ya yi masa waƙa. Kwana bakwai ya yi a ɗaki, ran na takwas ya hau motar goro, bayan ya rantse a gaban yayarsa cewa ba zai ƙara taka Jos ba sai ran da 'Yan Kuza suka ɗauki kofin nan. Lokacin ina goye. Yau akwai furfura a gemuna.

Bai dawo ba, amma bai saki kulob ba. Da can mahaifina ke aika masa sakamakon wasa a wasiƙa ta hannun direbobin goro. Da aka samu waya, mahaifina kuma ya rasu, sai na gaji aikin. Duk Asabar bayan la'asar zai kira, ko gaisuwa ba ya bari a ƙarasa sai ya ce, "Yaya muka yi?"

Ga inda laifina yake. Shekara shida ke nan da rushewar 'Yan Kuza. An yanka filin an yi shaguna, 'yan wasa kowa ya kama gabansa. Asabar ɗin farko da ya kira, a ranar aka sallamo shi daga asibiti. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji na ce, "Kunnen doki muka yi, Kawu." Daga nan abin ya zama sana'a. Ina ɗinki ina ƙirƙiro 'yan wasa da sunayen kwastomomina. Kuma duk shekara sai in kai kulob wasan kusa da na ƙarshe in sa a fitar da mu, don na san in na ba mu kofi zai zo, in ya zo kuma asirina ya tonu. Wato ni da bakina nake tsare shi a can.

Sai idon Inna, mahaifiyata, ya fara rufewa. Wata safiya ta kira ni ta ce, "Ina jin ƙaryar da kake shirga wa ƙanena duk Asabar, bangon ɗakina ba kurma ba ne. Tunda ka iya, yi wadda za ta amfane ni. Je ka ce masa sun ci kofin. Ina so in ga Sale da idona kafin su gama mutuwa."

Na ce ai sai in kira shi.

"Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je ka taho min da shi."

Na shiga kasuwar Taminus na sayi kofi mafi girma da na gani, mai ruwan zinare da kunnuwa biyu. Na ɗinka jesi biyu, ja da baƙi, launin kulob. Na cusa komai a jakar gana-mas-go, amma kunnen kofin ɗaya ya ƙi shiga, haka ya yi ta leƙen duniya har Kumasi.

A Farin Gada na samu motar Oga Danladi, wani mutumin Bokkos da nake wa ɗinkin Kirsimeti. Kabeji da karas da dankali ya loda zai kai Legas. Ya dubi kunnen kofin ya ce, "Tela, wannan kuma na wetin? Ka ci gasar ɗinki ne?" Da na ba shi labari ya yi dariya har ya bugi sitiyari. "Abeg, kai ba tela ba ne, kai gidan rediyo ne."

Na baro Jos da suwaita da hular sanyi. Muna sauka daga kan dutse na cire hula, a Akwanga na cire suwaita, a Lokoja na fara tunanin cire singileti. Bayan Okene mota ta ɗau zafi ta tsaya a kan tudu, ga rafi a ƙasa amma jarkar Oga Danladi ta fashe. Ya dube ni, ya dubi jakata. Sawu tara na yi tsakanin rafi da mota da kofin zakarun Jos a kai, mata masu wanki suna nuna ni da baki.

A Legas kwana biyu na yi a Agege, a shagon wani tela ɗan unguwarmu, a kan teburin yanka na kwana. Ba zan ce muku komai game da Legas ba, don ban gan ta ba. Ƙeyar mutane kawai na gani, kowa yana sauri kamar an ce masa gidansa na ci da wuta.

A boda ne kofin ya fara jawo min abin da ban roƙa ba. Wani jami'i ya zuge jaka, ya zaro shi, ya tambaye ni na wane ne. Na ce na zakarun Jos ne. Sai ya ƙame, ya kira abokan aikinsa, aka sa ni a tsakiya aka ɗau hoto. A ɓangaren Benin wani ya rungume ni yana ta Faransanci, kalma ɗaya ban tsinta ba sai "shampiyo". Tun ina jin kunya har na fara ɗaga kafaɗa. Kafin in fita Togo na zama mataimakin koci.

Kwatano ta ba ni mamaki da 'yan acaɓanta, dukkansu da riga mai ruwan ɗorawa, in danja ta sake su sai ka ga titi ya koma launi ɗaya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi, kuma sai da ya kusa cire min haƙori. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da na gani a Lome. Muna tafe a mota sai gidajen hagu suka ƙare, na ga ruwa ya tashi daga bakin titi ya tafi har ya haɗe da sama. Ni da babban ruwan da na sani shi ne tafkunan da aka haƙi kuza aka bari. Na roƙi direba ya tsaya, ya ƙi. Da muka sauka na koma da ƙafa, na tsaya a kan yashi da jakata, ina jin ƙasa tana girgiza duk sanda igiyar ruwa ta faɗo. Tsoro ya kama ni, daɗi ya kama ni, ban san sanda na fara tasbihi da ƙarfi ba. Wani mai gyaran komar kamun kifi ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

A zangon Lome na kwana, gidan wata dattijuwa mai saukar da fatake. Ta ce kakanta daga Katsina ya zo, ita kuwa ba ta taɓa wuce Kwatano ba, amma da ta ji daga ƙasar Hausa nake sai ta ƙi bari in ci abincin waje. Washegari na tsallaka Gana da ƙafa, teku na hannun hagu yana ta ruri.

Ku da kuke tambayar abinci, wake da shinkafarmu ce mutanen Gana suke ci, amma tasu ta je makaranta. A ganye ake zuba ta, a ɗora taliya, a barbaɗa gari, a sa ƙwai da kifi da wani baƙin yaji da ya sa na ga kakannina. Dokunu kuwa, tuwon masararsu mai tsami, na ci don kada a ce ban ci ba.

Ranar Asabar da safe na sa jesina ja da baƙi na shiga motar Kumasi daga Akra. Wata tsohuwa ta tashi ta ba ni wurin taga, tana shafa kafaɗata tana magana a hankali. Na duba na ga rabin motar ja da baƙi suka sa. Raina ya ce, ikon Allah, har nan aka san 'Yan Kuza? Sai wani Bahaushen Gana da ke bayana ya ce, "Aboki, wa ya rasu maka?" Ashe ja da baƙi kayan makoki ne a wurinsu, Asabar kuma ranar jana'iza. Mu kafin rana ta karkata mun rufe mamacinmu. Su sai su ajiye shi wata da watanni, a buga hotonsa babba a bakin titi, a kafa rumfa, a kawo makaɗa. Duk garin da muka ratsa sai na ga rumfar, da mutane jere a kan kujeru cikin tsari.

Ban gaya wa Kawu ina tafe ba. A zangon Kumasi na tambayi Sale mai goro, ba wanda ya gane. Na ce Sale na Jos. Nan take wani mai wankin takalma ya nuna min wani lungu ya ce, "Layin Jos ke nan. Yi sauri, an kusa kiran waya."

Abin da na tarar a lungun nan shi ne dalilin rubutun nan, ba teku ba. Bango guda an shafe shi da ja da baƙi, an rubuta 'YAN KUZA da manyan baƙaƙe. A gabansa benci shida cike da mutane, Asante da Dagomba da Mosi da Hausawan zango, maza da mata, wasu da tsofaffin jesuna da suka koɗe. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin Jos. Daga baya na ji yadda abin yake: in an ci wasa Kawu ke sayen shayi da ƙosai ga duk layin, in aka sha kashi kowa ya sha shayinsa ba sukari. Sama da shekara talatin ana haka. Akwai waɗanda aka haifa a cikin abin, yanzu suna zuwa da nasu 'ya'yan.

A tsakiya wani dogon tsoho yana zaune da waya a hannu, tafin hannunsa kamar faifai. Ya danna, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Ya ɗago. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Wannan fuskar Yaya ce." Ya miƙe ya riƙe ni.

Da aka ji ni ne mai wayar Asabar, sai aka yo kaina. Wani Badagombe ya kama hannuna: "Ɗan Bala fa, ƙafarsa ya warke?" Ɗan Bala wani mai sayar da albasa ne da na ɗinka wa kaftani, ko ƙwallon lemo bai taɓa bugawa ba, ni na karya masa ƙafa a watan jiya don na rasa abin faɗa. Mutumin ya ce sun yi masa addu'a a masallaci. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shirina shi ne in huta, in keɓe da Kawu, in lallaɓa masa maganar a hankali. A wurinmu ai ba a tambayar baƙo me ya kawo shi sai ya ci ya sha ya kwana. Su ba haka ba ne. Matar Kawu, Mama Akosua, wata Ba'asantiya mai murya kamar ta hedimasta, ta sa aka ajiye min kujera a tsakiya. Aka ba ni ruwa. Aka sa na bi mutane da musabaha daga dama zuwa hagu, na fara ta hagu aka dawo da ni. Sannan ta tsaya ta ce, "Ka sha ruwa. Yanzu faɗa ma mutane abin da ya kawo ka."

Na ce, "Mama, sai mun shiga ciki."

"A nan baƙo ba ya shiga ciki da magana a ciki. Faɗa."

Na durƙusa na zuge jaka na zaro kofin, na ce, "Mun ci."

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Mata suka yi ta kaɗa gyale, wani ya kifa bokiti ya mai da shi ganga, tsohon Badagomben nan ya zauna a ƙasa yana kuka da hawaye. Kafin in ankara an ɗaga ni sama. Daga can saman na hango Kawu ya nufi kofin. Ya ware ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ya sa hannu biyu, ya ja numfashi kamar mai shirin ɗaga buhun masara. Ya ɗaga da ƙarfinsa duka, sai kofin ya yi sama fit, ya kusa dukan haɓarsa. Ya tsaya cak yana kallonsa. Sannan ya ɗaga shi sama ya yi wa jama'a murmushi, ya ce a kawo shayi da madara.

Kafin magariba ya ja ni cikin sitonsa, tsakanin huhunan goro, ya tura ƙofa. Ya ajiye kofin a ƙasa ya taɓa shi da yatsan ƙafa.

"Nura, ka taɓa ganin kofin gasar unguwanni?"

Na ce a'a.

"Da kuza aka zuba shi. Launin toka ne, ba shi da kunne, kamar ƙaramin turmi. Mutum biyu ke kai shi kan tebur. Sau ɗaya na taɓa shi, da safen ranar wasan ƙarshen nan, na gwada nauyinsa don in san yadda zan ɗaga shi da yamma." Ya ɗago ya dube ni. "Ban ɗaga ba. Faɗa min gaskiya."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na faɗa masa komai, da filin, da shagunan, da shekara shida. Ya zauna a kan huhu yana kallon tafin hannunsa, har na fara tsoron ko ciwonsa ne zai tashi.

Can ya ce, "To wasan da 'yan Bukuru suka ci mu huɗu da nema, wa ya buga shi?"

"Ni ne, Kawu."

"Kai da alƙalami ke hannunka, ka sa aka ci mu huɗu? Kwana uku ban ci abinci ba, ɗan banza!"

Na yi dariya, shi ma ya fara, sai dariyar ta tsinke masa a tsakiya. Ya dube ni da wani irin ido.

"Duk Asabar in mun gama maganar ƙwallo kana ce min Yaya tana gaishe ni."

"Tana gaishe ka, Kawu. Wallahi tana nan."

"Haka ka ce min kulob yana nan. Shekara shida ka binne shi kana kawo min gaisuwarsa. In Yaya ta rasu, shekara nawa za ka yi kana ce min tana gaishe ni?"

Na laluɓo waya in kira ta ya ji muryarta, ya dafe hannuna ya ce ya gama da waya. Na ce to rantsuwar fa? Ya ce, "Ciyar da miskinai goma ne kaffararta, na san hukuncin tun gashina yana baƙi. Ba rantsuwa ce ta riƙe ni ba, kunya ce. Tashi ka nemo mana mota."

Da safe ya tara mutanen layin ya faɗa musu da bakinsa, bai ɗora min laifin ni kaɗai ba. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Sai Mama Akosua ta ce, "Abu ya mutu shekara shida ba a yi masa jana'iza ba? Ku Hausawa ba ku da tausayi." Nan da nan aka jera benci, aka fito da ja da baƙi, aka zaunar da Kawu a matsayin mai makoki, mutane suka bi layi suna ba shi hannu daga dama zuwa hagu. Tsohon Badagomben ya zo kaina ya ce, "Asabar mai zuwa muna nan. Ba don ƙwallo kaɗai muke zama ba. Amma ka gaida Ɗan Bala, ko wane ne shi." Na yi yawo a ƙasa huɗu, ban ga abin da ya girgiza ni kamar mutanen nan ba, kuma har yau in na tuna su sai in ji na ƙanƙance.

Dawowa ba ta da labari. Kawu bai kalli teku ba, bai kalli Legas ba. Sai da muka fara hawan dutse bayan Akwanga, iska mai sanyi ta shigo ta taga, ya sa hannu waje ya bar shi a can har Mararrabar Jama'a. Na ce in mun sauka ko in fara kai shi ya ga inda filin yake. Ya ce fili ya jira.

Da hantsi muka shiga gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, inda rana ke sauka. Ta ji sallamar da ba ta saba ji ba, ta ɗago tana ƙifta ido.

"Nura, shi ne?"

Kawu ya zube a gabanta. "Kada ki tambaye shi, Yaya, wannan maƙaryaci ne. Duba da kanki."

Ta kama kunnuwansa biyu ta jawo fuskarsa har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta juya shi wajen haske. Ta daɗe tana kallo, ba wanda ya yi motsi a gidan.

"Shi ne," ta ce. "Ka yi furfura, Sale. Da ka ƙara wata guda, da sai dai in shafa."